Kyanwata ta kamu da ciwon suga, ta ina zan fara?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da kyanwa 'yar shekara tara, mai jiki ce sosai. Kwanakin baya ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana cin abinci kamar ba gobe amma sai ramewa take yi, har na ga kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. An gwada jininta an ce ciwon suga ne, an rubuta mata allurar insulin safe da yamma. Tsoron allurar nake ji. Surukata ta ce in bar wahalar da kaina, in riƙa dama mata acca, in sa mata ruwan shuwaka da tafarnuwa. Wace shawara za ka ba ni? Daga wata mai karatu a Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da albishir. A cikin dabbobin gida, kyanwa ce ciwon suga kan iya lafa mata har a daina yi mata allura gaba ɗaya, abin da ba kasafai ake gani a kare ba. Nata ciwon ya yi kama da nau'i na biyu na mutane: jiki na samar da insulin amma ƙiba ta hana shi aiki, suga ya taru a jini, shi kuma sugan da ya taru ya ƙara gajiyar da ƙwayoyin da ke samar da insulin ɗin. In aka sauko da sugan da wuri, ƙwayoyin nan kan huta su farfaɗo. Damar ta fi girma a watannin farko, saboda haka jinkirin da ake yi ana gwada ganye da saiwa shi ke cinye ta.

A gaishe da surukarki, niyyarta mai kyau ce, amma tafarnuwa da albasa guba ne ga kyanwa, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ɗanye ko dafaffe. Acca kuwa, duk da sunan da ta yi a nan Filato wajen masu ciwon suga, hatsi ce, kyanwa ko an halicce ta ne ta rayu da nama. Ragowar tuwo, shinkafa, taliya, biredi da madarar gwangwani mai zaƙi duk a janye su. Abincin gwangwani na kyanwa mai laima ya fi busasshen nan mai ƙwaya-ƙwaya, domin busasshen ya fi yawan sitaci. In tsada ta hana, dafaffiyar kaza, zuciya, ƙwai da ɗan kifi ba gishiri ba magi za su riƙe ta na ɗan lokaci, amma ki zauna da likitanki ya tsara miki, tunda tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin ƙashi. Kuma duk ranar da za ki sauya abinci ki faɗa masa tukuna, don rage sitaci na rage yawan insulin ɗin da jikinta ke bukata, adadin da ya dace jiya zai iya yin yawa jibi.

Yanzu ga inda nake so ki natsu sosai. A makonnin farko, hawan suga ba ya kashe kyanwa a dare ɗaya, faɗuwarsa ce ke kisa cikin sa'o'i. Kuma mafi yawan faɗuwar daga hannunmu take, ta hanya uku.

Ta farko sirinji. Insulin iri biyu ne ta fuskar ƙarfi. Na mutane, irin su Lantus da likitocin dabbobi ke yawan rubuta wa kyanwa, akwai yunit 100 a kowace mililita. Na dabbobi, irin su Caninsulin da ProZinc, yunit 40 ne. Kowanne da sirinjinsa, an rubuta U-100 ko U-40 a jiki. In kika zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin U-40, kin ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, alhali idonki na ganin daidai kika auna. Don haka in za ki kemis sayen sirinji, tafi da kwalbar ko hoton takardarta, ki gwama lambobin da idonki. Sirinjin allurar zazzaɓi ba ya wannan aikin ko kusa, domin yawanci yunit ɗaya ko biyu ake farawa da shi, ɗigo ne da ƙyar ake gani.

Ta biyu, yin allura kan yunwa. Ƙa'idar ita ce a ajiye mata abinci, a ga ta ci, sannan a yi allura, sau biyu a rana da tazarar sa'a 12, misali bakwai na safe da bakwai na yamma. In ta shinshina ta juya baya, ko ta yi amai, ki dakata da allurar ki kira likita. Ta uku, maimaitawa. A gidan da ke da mutane da yawa, ke kin yi kin fita kasuwa, 'yarki ta ga kwalba a kan tebur ta ɗauka an manta. Ki rataye kalanda kusa da firij, wanda ya yi ya sa alama nan take. Haka in kin yi allura sai kika ji gashin wurin da danshi, kina kokwanton ko ta shiga, kada ki ƙara. Ki jira lokaci na gaba.

Alamun faɗuwar suga: kasala ta farat ɗaya, tangaɗi, karkarwa, kallon da ba ta gane ki, in ya yi tsanani farfaɗiya ko suma. Ki ajiye zuma inda kowa a gidan ya sani. In tana iya ci, ba ta abinci. In ba ta iya ci, lakato zuma da yatsa ki shafa mata a dasashi, kada ki ɗura mata ruwa a baki don za ta shaƙe, sannan ki nufi asibitin dabbobi ko da ta warware a hanya, saboda insulin ɗin na nan yana aiki a jikinta. A na'urar gwajin suga mai ma'aunin mg/dL, duk abin da ya yi ƙasa da 70 abin tashi tsaye ne.

Ita allurar kanta, za ki sha mamakin sauƙinta. Tsinin siriri ne ƙwarai. Ki kama fatar gefen ƙirjinta ko bayan kafaɗa da yatsu biyu ki ɗaga, za ta yi kamar 'yar rumfa, ki soka a gindin rumfar, ki danna, ki zare. Yawancin kyanwoyi ko ɗago kai daga kwano ba sa yi. Ki riƙa sauya wuri, yau dama gobe hagu, sabon sirinji kowane lokaci, tsofaffin a tara su a gwangwani mai murfi nesa da yara. Ki nemi likitanki ya tsaya a kanki ki yi ta farko a gabansa.

Ajiya kuma ita ce matsalarmu ta gida. Insulin na son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba cikin firiza ba. Wanda ya taɓa ƙanƙarewa ya lalace ko da ya narke. In an ɗauke wuta, a rage buɗe firij ɗin. In abin ya ɗauki kwanaki, kula mai ƙanƙara a ciki ta wadatar, sai dai a naɗe kwalbar da tsumma kada ta taɓa ƙanƙarar. Mutanen Jos kun ci sa'ar yanayi, amma zafin Maris da Afrilu ba abin rainawa ba ne, kuma mota da aka rufe a rana tana dafa insulin. Lantus garau yake kamar ruwa, in ya yi duhu-duhu a jefar. Na dabbobin kuma dama fari-fari suke, ana gauraya su kafin a zuƙa yadda takardarsu ta nuna.

Kada ki ba ta ƙwayoyin suga na mutane, irin su metformin, ba sa maye gurbin allurar. Parasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Sannan ki tuna ko an taɓa yi mata allurar ƙaiƙayi irin su dexamethasone, ko maganin hana ɗaukar ciki. Waɗannan kan tayar da ciwon suga, kuma likita na bukatar ya sani.

Yadda za ki gane ana samun sauƙi ba sai da na'ura ba. Ki auna ruwan da kike zuba mata da safe da wanda ya rage washegari, ki rubuta. Ki ɗora ta a sikeli sau ɗaya a mako. Ruwan da take sha ya ragu, fitsari ya ragu, rama ta tsaya, to ana kan hanya. In kina da na'urar gwajin suga, ana samun ɗigon jini a gefen kunne, kuma gwajin gida ya fi gaskiya, domin tsoron asibiti kaɗai kan ɗaga sugan kyanwa. Shi ya sa ake gwajin fructosamine, mai nuna yadda sugan ya kasance a makonni biyu zuwa uku da suka wuce. Ki tambaya ko ana yi, a asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Jos ko a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Amma kada ki ƙara ko rage yunit da kanki don kin ga lamba ɗaya ta hau.

In kin ga tana taka ƙasa da dunduniya maimakon kan yatsu, sugan ne ya taɓa jijiya, kuma sau da yawa yakan gyaru in suga ya daidaita. Wanda ba ya jira shi ne amai, ƙin abinci da kwanciya lakwas. Kyanwa mai ƙiba da ta yini ta kwana ba ta ci ba, hantarta na cikin haɗari, a kai ta ranar. Saboda wannan dalilin ne ma ba a rage mata ƙiba da horon yunwa, a hankali ake yi cikin watanni.

Ki hana ta yawon maƙwabta a wannan lokaci, don kwanon da take lasa a can ba ya cikin lissafinki. Ciwon ba ya yaɗuwa zuwa ga yara ko wasu dabbobi. In bayan wasu makonni kika ga lambobin gwaji sun fara sauka kusa da 100 tun kafin allura, ki kira likita kafin ki yi ta gaba, mai yiwuwa lokacin rage yunit ya yi.