Ku Tambaya Mu Amsa: Kafen Ƙwai na Biyetnam, Daga Hanoi Zuwa Madafar Yamai

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Wadata, Yamai, ya rubuto: "Ina da tafiya Sin sayen kaya, daga can zan zarce Hanoi kwana uku. An ce mini ana koya wa baƙi haɗa kafe da ƙwai. Me ake yi a ajin, kuma ya cancanci in ɓata rabin yini a kai?"

Ranka ya daɗe, ya cancanta, amma da sharaɗi ɗaya: ka tabbata kai za ka riƙe abin bugun ƙwan da hannunka. Akwai wuraren da malami yake haɗawa baƙi suna kallo suna ɗaukar hoto, a ƙarshe a miƙa wa kowa finjali. Wannan shan kafe ne da kuɗin makaranta. Kafin ka biya, tambaya ko kowane ɗalibi yana da matacinsa da kwanonsa, kuma mutum nawa ne a ajin. Idan an haura goma, malami ba zai iya leƙa kwanon kowa ya ce "ƙara bugu" ko "ya isa" ba, kuma ilimin duka a nan yake.

Yawancin azuzuwan suna tsohuwar unguwar Hanoi, babban birnin Biyetnam, kusa da tafkin Hoan Kiem, kuma sukan ci awa biyu ko kusa da haka. Ana farawa da ɗanɗana nau'o'in kafe biyu, robusta da arabika, sai a nuna matacin ƙarfe da suke kira phin, sannan a zo kan ƙwai. Wasu suna haɗawa da kafen gishiri na birnin Hue da kafen kwakwa. Tarihin kuwa za ka ji shi ko ba ka tambaya ba: Nguyen Van Giang, mai haɗa abin sha a otal ɗin Metropole, shi ya ƙirƙiro shi a 1946, lokacin da madara ta yi wuya a Hanoi, ya buga gwaiduwa ta tsaya a madadinta. Shagon da ya buɗe, Giang, yana hannun iyalinsa har yau, a lamba 39 kan titin Nguyen Huu Huan, cikin wani siririn lungu da mutum zai iya wucewa bai gani ba. Je can ka sha tukuna kafin aji, don harshenka ya san abin da hannunka zai nema.

Abu ɗaya da Musulmi zai kula: wasu suna ɗiga giyar rum ko giyar shinkafa a cikin ƙwan don kashe ƙarni, kuma akwai giyar ƙwai a jerin abin sha na wasu shaguna. Faɗa tun farko cewa ba ka so, ba wanda zai ji haushi. In za ka sayo tsaraba, sayo phin biyu ko uku da garin kafen da aka niƙa dominsa. Ba su da nauyi a jaka.

Wata Hajiya daga Yantala ta ce ɗanta ya kawo mata phin, tana son awo dalla-dalla.

Hajiya, barka da tsaraba. Phin yana da sassa huɗu: faifai mai huji-huji da ake ɗorawa a bakin finjali, gwangwanin da garin yake zama, madanni da ake saukewa a kan garin, da murfi. Ki fara ɗauraye su da ruwan zafi, har da finjalin, domin ƙarfe mai sanyi yana shanye zafin ruwan farko.

Ki zuba garin kafe giram 18 zuwa 20, wato cokalin cin abinci uku ba a cika su ƙwarai ba. Ki girgiza ya baje, ki sauke madanni a hankali. Ruwa ya tafasa, ki sauke shi ya huta kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ya dawo wajen digiri 92 zuwa 96. Ki zuba cokali biyu kawai a kan garin, ki jira daƙiƙa 30 zuwa 40 ya kumbura. Daga nan ki cika da ruwa mililita 80 zuwa 90, ki rufe. Ya kamata ya riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare cikin minti 4 zuwa 5. In ya zube cikin minti ɗaya, garin ya yi tsaki-tsaki ko madannin bai zauna ba, kafen zai fito salam. In ya wuce minti bakwai yana ɗiga da ƙyar, garin ya yi laushi kamar na fulawa ko kin danna da ƙarfi, zai yi ɗaci mai kama maƙogwaro.

Yayin da yake ɗiga sai ki koma kan ƙwai. Gwaiduwa biyu, madarar gwangwani mai kauri mai sukari cokali biyu, kamar giram 40, da ɗan sukarin banila a bakin ƙaramin cokali. Ki ware farin gaba ɗaya, ki cire farin zaren nan da yake maƙale da gwaiduwa. Ki buga a kwano mai zurfi, ƙunƙuntacce. Da na'urar lantarki minti 3 zuwa 5 ya isa, da hannu ki ba shi minti 8 zuwa 10. Launi zai tashi daga ruwan ɗorawa mai duhu ya koma fari-fari, yawansa ya ninka biyu ko fiye, kuma in kin ɗaga abin bugun zai zubo kamar zare ya kwanta a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse.

Kafen ya shiga finjali mai ɗumi, ki kwantar da kumfar a kansa da cokali. Kashi ɗaya kafe, kashi ɗaya kumfa, ko kumfar ta ɗan fi. Finjalin kuma a zaunar da shi cikin ƙaramin kwano mai ruwan zafi, kamar yadda ake kawo shi a Hanoi. Wannan ba ado ba ne, shi yake hana ƙwan hucewa. Ana fara shan kumfar da cokali, sai a gauraya sauran.

Mun ce sukarin banila da gangan. Ruwan banila na kwalba sau da yawa da barasa ake jiƙa shi, shi kuwa na ƙaramar takarda da masu kek suke saye ba shi da wannan matsala, kuma ana samunsa a shagunan kayan fulawa.

Wani matashi mai teburin shayi a Tawa ya ce ya gwada sau uku, kullum kumfar tana nutsewa ta zama kamar kunu, ga ƙarni.

Ɗan'uwa, matsala biyu ce ka haɗa, kuma kowace da dalilinta. Madarar gwangwani ta fi kafe nauyi. Ka zuba cokali ɗaya a ruwa ka gani, ƙasa take tafiya. Abin da yake ɗaga ta sama shi ne iskar da bugu ya cusa a cikin gwaiduwa. Saboda haka kumfa tana nutsewa ne in bugu bai isa ba, ko madara ta yi yawa a kan ƙwan. Mutanenmu suna son zaƙi, hannu yakan zarce, a zuba cokali huɗu a kan gwaiduwa ɗaya. Ba za ta ɗauka ba. Cokali ɗaya ga kowace gwaiduwa, in zaƙi bai ishe ka ba ka sa ƙarin madarar a ƙasan finjali kafin kafen. Akwai gwajin da ake nuna wa ɗalibai a aji: ɗiga kumfar kaɗan a kofin ruwa. In ta tsaya a sama ta dunƙule, ta yi. In ta watse ko ta sauka, ci gaba da bugu.

Ka kuma duba gwangwaninka. Madarar da masu shayi suke zubawa iri biyu ce. Akwai mai ruwa wadda ba sukari, akwai mai kauri da aka rubuta sucré a jikinta. Mai ruwan ba ta yin wannan aiki ko za ka kwana kana bugu. In madarar gari kawai gare ka, dama cokali uku da sukari cokali biyu da ruwan zafi cokali biyu, ya yi kauri kamar zuma, ka bar shi ya huce kafin ya taɓa ƙwan. Wani kuskuren kuma shi ne zuba sukari ko madara a kan gwaiduwa a bar su zaune ana sallamar mai saye. Sukari yana tsotse ruwan gwaiduwa, ta yi ƙananan gudaji da ba sa narkewa. Da ka haɗa, fara bugu nan take.

Ƙarni kuwa daga tsohon ƙwai yake zuwa, ko farin da ya saura, ko kumfar da ta huce. Sa ƙwan a ruwa kafin ka fasa: sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya kwana biyu yana miƙewa tsaye, wanda ya taso sama a zubar. Tace gwaiduwar a rariya don fatar da ta lulluɓe ta ta tsaya. Ƙaramin cokali ɗaya na kafen a cikin kumfar, a ƙarshen bugu, yana rufe sauran warin.

Ba ka da na'ura, mun sani, wuta ma ba kullum ba. Maburgi yana yi, a murza shi tsakanin tafin hannu a cikin kofi mai tsawo. Amma ya zama sabo wanda aka keɓe wa wannan aiki, domin itace yana riƙe warin daddawa, kuma ba mai son kafe mai ƙamshin miyar kuka. Dabarar ɗaga buta sama da kake yi wa shayi ba za ta yi a nan ba, haɗin ya yi kauri da yawa.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Bukoki ta tambaya: ɗanyen ƙwai a zafin Yamai, ba hatsari?

Malama, tambayar ta dace. Kafen da yake ƙasa ba ya dafa kumfar da take sama, ko me aka faɗa miki. Ƙwayar cutar salmonela, mai sa ciwon ciki da gudawa, tana iya kasancewa a bawo ko a cikin ƙwan, kuma ƙwan da ya yini a tire cikin zafin watan Afrilu, sama da digiri 40, ba abin wasa ba ne. Mafita ita ce a buga a kan tururi. Ki ɗora kwanon ƙarfe a kan tukunyar ruwa mai ɓararraka a hankali, gindin kwanon bai taɓa ruwan ba, ki haɗa gwaiduwa da madara da cokali ɗaya na ruwa, ki riƙa bugu ba tsayawa har haɗin ya kai digiri 71. Gwaiduwa zalla tana fara daskarewa tun wajen digiri 65, amma sukarin madarar yana ɗaga wannan iyaka, shi ya sa ake iya kaiwa 71 ba ta zama wainar ƙwai ba. In kin ga gefe ya fara kamawa, ɗauke kwanon daga tururi ki ci gaba da bugu a waje. Ma'aunin zafi na girki ya fi ƙiyasi a nan. Kumfar da aka yi haka ta ma fi daɗewa a tsaye.

Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya kada a ba su wadda ba ta bi ta tururi ba. Kuma ba a ajiye ta: a buga, a sha. Mai ciwon sukari ya san cewa fiye da rabin nauyin madarar nan sukari ne. Robusta kuma tana da kafeyin kusan ninki biyu na arabika, don haka finjali ɗaya bayan la'asar ya isa ya hana wasu barci.

Daga Tawa kuma wani malamin makaranta ya tambaya ko ƙwan zabi zai yi, kuma me zai yi tunda ba shi da phin.

Malam, zai yi, da damina ma ya fi sauƙin samu sabo. Ya fi na kaza ƙanƙanta, sai ka sa uku a madadin biyu. Bawonsa yana da tauri, ka fasa a wani kwano daban don ɓaraguzai kada su faɗa.

Phin ba dole ba ne. Abin da ake nema kafe ne kaɗan mai ƙarfi da ɗaci, wanda zai tsaya wa zaƙin kumfar. Butar kafe ta Italiya da ake ɗorawa a wuta tana bayar da irinsa. Garin kafe na Kodebuwa ma robusta ne, dangin na Biyetnam, wadda ita ce ta biyu a noman kafe a duniya bayan Barazil. In Nescafé kawai ke gida, ƙaramin cokali biyu cike a ruwan zafi mililita 60 zuwa 70, kada ka sa sukari. Ƙamshin ba zai kai na phin ba, amma kumfar ba ta san bambanci ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai gidan saukar baƙi a Filato, wadda take son ta riƙa koya wa baƙinta da 'yan unguwa.

Hajiya, mutum shida a zama ɗaya sun isa. Kowa da phin ɗinsa, da kwano, da abin bugu, da finjali, da kwanon ruwan zafi. Ki tanadi ƙwai uku ga kowane mutum maimakon biyu, domin sabon hannu yakan fasa gwaiduwa a cikin farin. Gwangwanin madara na giram 397 yana kai wa kusan finjali tara ko goma. Ki auna garin kafen tun kafin su zo.

Tsarin lokaci shi ne abin da yake ba masu koyarwa wahala. Kafe yana gamawa cikin minti biyar, bugu da hannu yana cin goma, sai kafen ya huce kafin kumfa ta yi. Don haka in da hannu za a buga, a fara da ƙwai, sai an kai rabi a zuba wa phin ruwa. Ki sa kowa ya yi gwajin kofin ruwa sau biyu, ɗaya a minti na uku lokacin da kumfar za ta nutse, ɗaya a ƙarshe, don idonsu ya ga bambancin. Ki ajiye buta biyu a wuta, ɗaya ta kafe, ɗaya ta ɗumama finjalai. Ajin kuma ya kasance da hantsi, kafin rana ta take, a ɗakin da fanka ba ta busa kan teburin kai tsaye, domin iska tana busar da saman kumfar ta yi fata.