Maigidana Yana Ɗauke Numfashi Cikin Barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekarunsa 58, ya daɗe da hawan jini. Bara aka yi masa hoton zuciya, aka ce ta kumbura. Yanzu in yana barci numfashinsa sai ya yi ta hawa kamar mai haki, ya lafa, ya ɗauke ɗif, har sai na taɓa shi. Ba ya minshari sosai. Zuciyar ce ko wani abu daban? Uwargida, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Yadda kika kwatanta ɗin nan, hawa, sauka, sannan shiru, zuciyar nake zargi. Wani likita a Dublin, John Cheyne, ya rubuta irin wannan numfashi tun 1818.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Idan na hagu suka buɗe suka saki, jini yakan yi nawa kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa daga jinin take gane yawan gurɓatacciyar iskar da ke jiki, sai labari ya riƙa zuwar mata a makare. Ta ce a ja numfashi da ƙarfi, ya wuce kima, ta ce a tsaya. Ga kuma ruwan da ya taru a ƙafafunsa da rana, yana kwanciya sai ya gangaro zuwa huhunsa da wuyansa.

Masu ƙiba da minshari nasu daban ne, maƙogwaro ne ke toshewa. Kowane iri dai, duk ɗaukewar da ta kai daƙiƙa 10 tana rage iskar jini, ta tayar da bugun zuciya, zuciyar da ta riga ta gaji ta ƙara buɗewa.

Ki ɗauke shi bidiyo da wayarki yana barci, ki nuna wa likitan zuciyarsa. Wallahi minti biyu na bidiyo ya fi mini dogon bayani. A sake duba magungunansa, musamman na fitar da ruwa, a nemi gwajin barci. A ɗaga masa kai da matashi, a rage gishiri da kanwa, kada ya sha maganin barci.

Kada kuma ku sayi na'urar numfashi da kanku. Akwai wata mai suna ASV da bincike a 2015 ya nuna tana ƙara haɗarin mutuwa ga masu raunin zuciya irin wannan.