Direban vfio-pci yana sandarewa idan an zo cire shi

Ka ce kana rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) a kan vfio-pci, ɓangaren Linux da ke ba manhaja damar amfani da na'urar PCI kai tsaye, kana miƙa katin sadarwa ga kwamfutar kwaikwayo ta QEMU, amma da zarar ka cire direban sai uwar kwamfutar ta sandare ko Linux ya faɗi. Na sha wannan wahalar, kuma galibi laifin yadda aka jera matakan rufewa ne.

Fara duba vfio_unregister_group_dev, umarnin da ke janye rajistar na'urar daga VFIO. Ba ya dawowa sai QEMU ya saki na'urar, don haka kada ka kira shi kana riƙe da makullin (lock) da close_device, sashen direbanka da ke rufe na'urar, ke buƙata. Kana jiransa, yana jiranka, komai ya tsaya cak. Haka ma cancel_work_sync, wanda ke soke aiki ya kuma jira wanda ke gudana ya ƙare. Na taɓa kwana biyu ina farautar irin wannan, ashe aikin da nake jira ya ƙare, makullin da ke hannuna yake nema.

Abin da ya fi ba ni tsoro DMA ne, wato yadda katin ke karatu da rubutu kai tsaye a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Dakatar da shi da pci_clear_master kafin a saki shafukan ƙwaƙwalwa, in ba haka ba katin na iya ci gaba da rubutu a wurin da aka riga aka ba wani, ɓarnar kuma ta ɓullo can nesa. Daga nan sai free_irq, mai sakin layin da katin ke kiran direba ta kansa, sai soke ayyukan da ke layi. 'Yanta ƙwaƙwalwar direban ya zo ƙarshe, ta hanyar vfio_put_device.

Kunna lockdep (mai gano rikicin makullai) da KASAN (mai gano kuskuren taɓa ƙwaƙwalwa), ka cire na'urar kwamfutar kwaikwayon tana tsaka da aiki, ka maimaita sau da yawa. Idan gyaranka ya taɓa sake saita na'ura ko IOMMU (mai iyakance inda na'ura za ta taɓa a ƙwaƙwalwa), kai shi gaban masu kula da VFIO su duba kafin ya hau sabar mutane.