Bakin hamingbad yana karyewa, wuya ya ƙi sheƙi

Ka ce in kana sassaƙa hamingbad, wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai shan ruwan fure, bakin tsuntsun yana karye maka, fentin wuya kuma ya ƙi sheƙi. Bakin hamingbad siriri ne kamar allura, kada ka sassaƙa shi tare da jiki. Yi shi daban da wayar tagulla ko itace mai tauri, ka huda kan, ka dasa da gam. Jiki kuwa, masassaƙan Amurka, inda tsuntsun yake, suna son itacen tufelo saboda laushinsa.

A wuya, fara shafa baƙi ya bushe, sannan fenti mai walƙiya kaɗan-kaɗan. In ka lafta shi, gashin da ka zana zai toshe. Injin gugar itace kuwa, gogaggen masassaƙi ya fara nuna maka, kuma ka rufe hanci.