Amsa game da koyi da tsoffin bargunan haɗe-haɗe

Malama, kin tambaya ko ɗaukar fasali daga tsoffin bargunan da ake haɗawa da ƙyallaye kwaikwayo ne kawai, kuma wane salo ne ya fi asali. A ganina babu aibi a ciki, domin tsoffin ma ba salo ɗaya suka bi ba.

Matan Amish, wata al'ummar Kiristoci masu rayuwar gargajiya, na gundumar Lancaster a jihar Pensilbaniya ta Amurka sun riƙa amfani da yadi marar zane, suna haɗa manyan yanka masu launi mai ƙarfi, sannan su zuba gwanintarsu a ƙananan sawun allura da suka jera kamar an auna. Matan Gee's Bend kuwa, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, tsoffin wandunan aikin gona da buhunan hatsi suka farke suka ɗinka. Idan kika duba da kyau, za ki ga gurbin aljihun da aka cire da kuma inda gwiwa ta koɗe, layukan ma ba su miƙe ba. Wannan ne ya fi taɓa zuciyata. A 2002 aka baje ayyukansu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunan a jikin kan sarki na gidan waya.

Saɓanin da ke tsakanin masu ɗinkin hannu da masu ɗinkin keke bai kamata ya dame ki ba. Ki zaɓi tsohon bargo guda, ki nazarci yadda aka jera launukansa, ki gwada da ragowar atamfar da kike da ita, kuma ki riƙa faɗin inda kika samo fasalin.