Gajiyar da barci ba ya korewa: amsa ga wani ƙaramin malami a Gadarif, ƙasar Sudan

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan Isha'i, na karanta shi har sau biyu. Ka ce shekararka uku da riƙe alli, amma yanzu da an kaɗa ƙararrawar tabur, wato taron ɗalibai na safe, sai gabanka ya faɗi. Ka kwana ka tashi, gajiya tana nan inda ka bar ta. Yaro ya ɗaga hannu zai yi tambaya, sai ka ji haushinsa ya turnuƙe ka. Sannan ka ce: "Baba Malam, ni ne ban dace da aikin nan ba, ko kuwa imanina ne ya yi rauni?"

Ko ɗaya babu. Abin da ke damunka sananne ne, abokan aikinmu Larabawa suna kiransa ihtiraƙ, wato ƙonewa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kansa a 1974, bayan ya ga yadda 'yan sa-kai a wani asibitin kyauta a birnin New York suke zuwa da zafinsu, a hankali su dusashe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara ƙyamarsa, da jin cewa abin da kake yi ba ya tsinana komai. Ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba, ta ce matsin aiki ne da ya daɗe ba a yi maganinsa ba. Ka lura da wannan. Malalaci ba ya ƙonewa, don bai taɓa kama wuta ba. Wanda ya ɗauki aikin da zuciya ɗaya shi abin ke ci.

Ni ma ya ci ni, a shekarata ta bakwai, a wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba. Wata yarinya a layin baya, allon Alƙur'aninta jingine da ƙafar benci don daga halwa, wato makarantar allo, take wucowa, ta ce ba ta gane lissafin rabawa ba. Na riga na maimaita sau uku. Na buga littafi a kan tebur, na daka mata tsawar da ajin ya yi tsit. Ba ta yi kuka ba, gyalenta kawai ta ja ta rufe baki, kuma har shekara ta ƙare ba ta sake ɗaga hannu ba. Abin da ya fi tsorata ni da na koma gida shi ne, na nemi sunanta a kaina na rasa. Wata biyar tana gabana. A da, mako biyu ya ishe ni in haddace aji guda, har da sunan unguwar kowa. Don haka in kana son awo, ga shi: ranar da ka ga kana kiran yara da "kai na ƙarshe" ko "ke mai jan gyale", jiki ya riga ya gaya maka.

Kafin mu zo kan dabara, dole in faɗi gaskiya a kan abin da ba laifinka ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, makarantu suka rufe wata da watanni, da yawa suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, ka ga yadda mutane suka kwararo Gadarif. Malamai sun yi watanni ba albashi, wanda ya zo kuma tsadar kasuwa ta lashe shi kafin ya kai gida. Da aka buɗe, aji ya cika ya batse, ga yaran da suka manta karatu, ga waɗanda ƙarar rufe ƙofa ke firgitawa. Duk mai ce maka haƙuri kaɗai ne magani bai yi maka adalci ba. Wannan kaya na hukuma ne da na gari, ku neme shi tare da sauran malamai da majalisar iyaye, baki ɗaya. Kuskuren shi ne ka ɗauke shi ka kai shimfiɗarka kana juyi da shi kai kaɗai.

To, naka kayan fa? Mu fara da jan biro, don shi ke kashe sabon malami a ɓoye. Ka ce ajujuwa biyar kake shiga, kowanne da yara kusan 80. Littattafai 400 ke nan. In kowanne ya ci minti 2, ka ba da minti 800, sama da awa 13, a aikin gida guda ɗaya tak. Ina za ka samo su in ba daga barcinka da iyalinka ba? Ka daina. Lissafi da imla, a rubuta amsa a allo, yara su yi musayar littafi su gyara wa juna, kai kana zagawa tsakanin layuka. Kowace rana ka ɗauki goma kacal daga aji ɗaya, ka duba su da kyau, ka rubuta wa kowa kalma ɗaya da sunansa. Cikin kwana takwas ka gama ajin, kuma ka san wanda ke ɗingishi. Wannan ya fi alamar gyara ɗari huɗu da aka zizara da gyangyaɗi. In mudir, wato shugaban makaranta, ya tambaya, nuna masa lissafin a takarda, cikin ladabi.

Sai murya. Malamin da ya koya mini aiki ya fito ne daga Bakht Ruda, cibiyar horar da malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwem, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya a aji ba. In hayaniya ta tashi, sai ya ajiye alli ya tsaya cik, yana kallon wuri ɗaya, har shiru ya bi layi-layi ya kai baya. Hissa, wato darasi ɗaya, minti arba'in ce ko da ɗan ɗoriya. Kada ka yi magana fiye da rabinta. Ka bayyana, ka ba su aiki, ka bar wanda ya gane ya ja na kusa da shi. Mu da muka tashi a Mai Wurno mun ga wannan a makarantar allo tun muna 'yan ƙanana: malam ɗaya, almajirai fiye da ɗari, amma gardi na biya wa na ƙasa da shi, shi kuma yana biya wa kolo. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano, ka shiga aji da gorar ruwa, ka riƙa kurɓa. Ƙurar alli da ihu su ke disashe maƙogwaro, kuma malamin da muryarsa ta tafi, fushinsa kusa yake.

Akwai abu guda a saƙonka da ya fi tsaya mini a rai. Ka ce lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, kana zama a aji kana gyaran littattafai. Ɗana, tashi ka je inda ake ci. Wannan kwanon ful, dafaffen wake, da ake zagayewa da hantsi, a zuba man riɗi, a gutsuttsura burodi, kowa ya sa hannu, ba don ciki kaɗai aka yi shi ba. A nan za ka ji cewa ajin da ya gagare ka ya gagari wanda ya shekara ashirin yana aiki, a nan wani zai ce bar mini hissarka ta ƙarshe ka je asibiti, a nan ake kafa sanduƙ, adashen da ke fitar da mutum kunya ranar suna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk malaman da na ga sun ajiye aikin da baƙin ciki, sai da suka fara janye jiki daga wannan zama.

Game da imani da ka ambata: Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i yana azumin yini da tsayuwar dare har ya manta da gidansa, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Abdullahi ɗan Mas'udu kuwa ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, aka roƙe shi ya mai da shi kullum ya ƙi, don gudun kada ya gundure su. Saboda haka Juma'a taka ce. Jakar makaranta ta kwana a rataye tun yammacin Alhamis. Na san kana jan raksha, wato babur mai ƙafa uku, da yamma, kuma da kaka kana zuwa yankan riɗi. Ba zan ce ka bari ba, na san farashin buhun dawa. Amma ka yanke wa kanka lokacin ajiye mabuɗi, ka bar dare biyu a mako da ba ka fita.

In ka yi duk wannan, aka ɗauki makonni barci bai dawo ba, abinci ya fita ranka, abin da ke faranta maka a da ya daina, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa maka, to abin ya wuce gajiyar aiki. Ka ga likita ba tare da jinkiri ba, ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gida. Babu abin kunya a ciki.

Ranar Asabar bayan La'asar ina gida, a ƙarƙashin rumfa. Ka zo da jadawalinka da rajistar ajin da ya fi ba ka wahala, mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini wanda ka sani da wanda ya ɓace maka. Ka gaishe da mahaifiyarka.