Lasisin Gidan Kula da Masu Larura a Kalifoniya: Haya Ce Farko Ko Takardu?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sacramento. Ina son buɗe gidan da manya shida masu naƙasar ƙwaƙwalwa tun daga ƙuruciya za su zauna a ƙarƙashin kulawata, har na ga wani gida mai ɗakuna huɗu. In sa hannu a takardar haya kafin in nemi lasisi?

Amsa: Malama, ki dakata tukuna. A Amurka jiha ce ke ba da wannan lasisi, kuma a Kalifoniya alhakin yana wuyan sashen Community Care Licensing na ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jihar, bisa ƙa'idojin Title 22 na kundin dokokin jihar, waɗanda suka ware rukuni guda don 'yan shekara 18 zuwa 59. Za ki halarci zaman wayar da kai, ki yi horon sa'o'i 35, ki ci jarrabawar shugabancin gida, a ɗauki hoton yatsunki da na ma'aikatanki, sannan ki nuna kuɗin da zai riƙe gidan wata uku. Wannan ɓangaren haƙuri kawai yake buƙata.

Inda ake yin asara shi ne ginin kansa. Gaskiya ne hukuma za ta nemi shaidar cewa gidan yana hannunki, amma jami'in kashe gobara ne ke tantance wanda zai iya kwana a kowane ɗaki, kuma matakala biyu a bakin ƙofa ko ƙuntataccen lungun da keken guragu ba zai juya a cikinsa ba sun isa su hana ki karɓar wanda ba ya iya fita da kansa. Doka ta ba ki damar neman jami'in ya duba gidan tun kafin ki shigar da takardu. Ki biya kuɗin dubawar, ki kuma roƙi mai gida ya yarda hayar ta dogara da sakamakon dubawar. Maƙwabta kuwa kada su dame ki, domin gidan mutum shida ko ƙasa da haka dokar jiha tana ɗaukarsa tamkar gidan iyali.

Abin da ya fi damuna shi ne, lasisi ba ya kawo mazauna. Cibiyoyin yanki 21 (regional centers), waɗanda ke tsara wa masu naƙasa hidima a madadin jiha, su ne ke tura masu irin wannan larura tare da biyan kuɗin kulawarsu, ta yankinku ita ce Alta California, kuma ko ta yi miki rajista ba dole ba ne ta turo kowa. Ki fara zuwa can ki tambayi irin gidan da suke nema a bana, da unguwar da suke son sa.